Wanki Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Sanyin Jidda ba wani sanyi ba ne. Ka kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ka buɗe taga, iska ta shigo daga teku, shi ke nan. Sati uku yake yi, in ya yi kirki wata guda. Amma mu da muke dafuwa sauran shekara ba ma raina shi. Za ka ga mutum cikin rigar sanyi mai gashi a wuya, gumi na bin bayansa, ba zai cire ba tunda ya riga ya saya.

A irin wannan lokaci ne aka bar mini kare.

Wadda ta bar mini shi likitar haƙori ce, 'yar Najeriya, da kwantiragi ta zo. Ina yi mata shara da guga sau biyu a mako, a hawa na huɗu na wani gini a unguwar Ruwais. Karen na wata abokiyar aikinta ne da ta bar ƙasar gaba ɗaya, ta rasa inda za ta kai shi. Likita ita kaɗai take zaune, sai ta karɓa. Ɗan ƙarami ne, fari, gashi ya rufe masa ido. Yana da suna na Turanci, ban taɓa riƙewa ba. "Kai" nake ce masa, yana kuma zuwa.

Da hutunta ya zo za ta gida kwana goma sha biyu, ta rasa mai riƙe shi. Duk wanda ta tambaya sai ya ce a'uzubillahi. Ta zo wurina tana kewaye-kewaye, wai ta san abin da nauyi, in ba zan iya ba babu komai.

Na ce, "Yana cizo?"

Ta ce, "Wallahi Inna, ko kyankyaso tsoronsa yake ji."

"A ina zan kwana?"

"A nan mana. Ga ɗakin baƙi, ga firij a cike. Ki ci abin da kika ga dama."

Na ce halas, na yarda. Ni kare bai taɓa yi mini komai ba. Mutane ne suka yi.

Ina da albaras. Ya cinye leɓena na ƙasa, ya bi yatsuna har wuyan hannu. Tun ina 'yar shekara tara ya fito. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba kuma a ɗaukarsa a wurin wani. Wannan likitar ce ta fara gaya mini haka, bayan na yi shekara arba'in ina ɓoye hannu a cikin mayafi.

Da mahaifina ya rasu a Sudan, ƙanwarsa ta aiko aka sa ni a jirgin ruwa. Gwaggona ce, uwa ɗaya uba ɗaya da shi. Mijinta ya yi takardu, ita ta zo taryata a Tashar Jiragen Ruwa. Ta dube ni, ta dubi bakina, ba ta rungume ni ba. Shekarata goma sha uku.

Gidanta a unguwar Bagdadiyya yake, shagonta na turare da abaya yana ƙasan gidan. Ranar da na iso, kafin in ajiye ƙunshina, ta ɗauko kofin silba ta ɗiga masa jan farce a mariƙi. Ta ce, "Wannan naki ne. Sauran na mutane ne."

Shekara goma sha tara na yi a gidan. Girki, wanki, raino, goge matakala. Ban taɓa shiga aji ba. Abincin da hannuna ya dafa ana ci har a siɗe kwano, amma in na miƙa wa 'ya'yanta ruwa sai ta karɓe ta zubar. Duk wannan na haɗiye. Abu ɗaya ne ya ƙi wucewa.

Ranar sunan jikanta ne, tsakiyar zafi. Tun asuba nake gaban wuta, mata sun cika falo. Na kwaso kofunan gilashi zan kai kicin, ɗaya da sauran ruwa a ciki, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Maƙogwarona ya bushe. Na tsaya a lungu na shanye. Ta gan ni.

Ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da na manta. Ta sa na sauka titi na ɗebo ƙasa a leda, ta sa aka kawo roba da buta tsakiyar falo. Ni ke wanke kofin, ita ke ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya da ƙasa, shida da ruwa. Wata tsohuwa cikin baƙin ta ce, "Haba Hajiya, wannan ai wankin kare ne."

Gwaggo ta ce, "Shi kare ai ya san kwanonsa."

Aka yi dariya. Ba duka ba, amma an yi.

Na ƙara shekara goma a gidan bayan wannan, don iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a hannun mijinta take. Da ya rasu na samu wani kafili da zai tsaya mini a takardu, na fita. Ban ɗauki komai ba sai kayan sawata da kofin silba. Shi kaɗai ne nawa, hannuna kuma ya saba. Duk gidan da na je aiki yana cikin jakata. Likita ta yi faɗa har ta gaji, ta ce in sha a duk kofin da na so. Sai in ce to, in ta juya baya in ciro nawa.

To ga ni a Ruwais, ni da kare, mabuɗi a hannuna. Ɗakin da nake haya mu huɗu ne a ciki. Ban taɓa zama a gidan da ni kaɗai ce mutum ba.

Ashe akwai irin wannan zama a duniya. In na idar da sallar asuba sai in koma cikin bargo, mai nauyi, mai ƙamshin sabulu, in yi barci har hantsi ba wanda ya kira ni. In tashi in murɗa famfo, ruwan zafi ya zo da kansa. Nakan tsaya a ƙarƙashinsa har yatsuna su yi yaushi. Sannan in dafa madara da citta, in zuba a kofina, in ja kujera bakin taga. Tsakanin gine-gine biyu ana hango teku, bai fi faɗin tabarma ba. Ya ishe ni.

Na sa safa. Na dama kunun gyaɗa ranar Talata don kawai na ga dama. Na gasa dankalin Hausa na ci da zafinsa ina hura yatsu. Na sa lalle a ƙafa, na miƙe su a kan kujerar da kullum ni ke goge ta, na yi awa uku ban motsa ba. Da yamma in kunna gawayi ɗaya in ɗora turaren wuta, in rufe tagogi, hayaƙi ya shiga labule ya zauna. Mai balila, dafaffen waken Larabawa, yana tsayawa a kusurwar layi bayan la'asar. In na sauka saye da kare a igiya, mutane na darewa suna ba mu hanya. Wannan darewar na san ta tun kafin kare. Bambancin kawai yanzu mu biyu ne.

Shi kuma ba shi da fitina. Inda na zauna nan yake kwanciya, ɗan nesa da ƙafata. Na nuna masa dardumar salla ba wurinsa ba ce, sau biyu na faɗa ya gane. In ya lashe ni in wanke. Ya lashi yatsun nan nawa bai tsaya dubawa ba.

Kwanonsa ya fi duk kwanukan gidan kyau. Tangaran ne fari, mai nauyi, bakinsa da zaren ruwan zinare, a tsakiyarsa an zana tafin ƙafar kare. Tsohuwar uwargijiyarsa ce ta bar shi da shi. Likita da kanta a kwanukan gilashi marasa ado take ci. Duk in ya gama cin abinci nakan ɗebi ƙasa a tukunyar fulawa da ke baranda, in wanke kwanon yadda aka saba, ɗaya da ƙasa, shida da ruwa. Wannan wankin ba wanda zai koya mini. Sannan in ajiye shi shi kaɗai a bakin tagar kicin, nesa da sauran.

Labari ba ya daɗewa bai zaga mutanenmu na Jidda ba. A kwana na uku wata da muke haya tare ta turo mini saƙon murya daga gurup ɗin matan unguwa. Muryar Gwaggo ce. Ta tsufa, amma dariyar tana nan. "Kun ji wai 'yar yayana ta zama mai rainon kare a Ruwais? To, Allah ya haɗa kowa da daidai shi." Na saurara sau biyu. Na ajiye wayar na ƙara citta a madara.

Rana ta tara da hantsi wayata ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Na sauka na tambayi haris, dattijon da ke gadin ginin. Ya ce gargaɗi ne, ruwa mai ƙarfi na zuwa kafin magariba, an tashi makarantu, kowa ya zauna a gida. Yana ta jan buhunan yashi zuwa bakin gareji.

Wanda bai zauna a Jidda ba ba zai gane ba. Duk wanda ya ga shekarar babbar ambaliya, in hadari ya taso sai ya dubi ƙofarsa, sama da titi take ko ƙasa da shi. Ni na ga motoci a kife kan juna kamar kayan wanke-wanke. Wannan karon ina hawa na huɗu. Na jiƙa adas, ƙananan waken nan, na yanka albasa, na ɗora shorba, romon da ake sha da burodi. Sama ta wajen teku ta yi baƙi kamar gindin tukunya, iska ta tsaya cak. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Lambar ban san ta ba. Muryar na sani.

"Ya binti, ke ce?"

Shekara goma sha tara a gidanta ba ta taɓa kirana 'yarta ba, ko da Hausa ko da Larabci.

Na ce, "Ni ce, Gwaggo. Ina wuni."

"Lafiya lau. Kin ga sama?"

"Na gani."

Na san halin da take ciki, kowa ya sani. Shago ya tafi bayan mijin. Gidan Bagdadiyya ya tafi. Ɗanta yana Riyad, 'yarta ta bi miji Sudan. Ita tana wani ɗaki a kudancin gari, sai ka sauka matakala uku daga titi kafin ka shiga. Ruwan bara ya kai mata gwiwa.

"Na kira ɗan'uwanki bai ɗauka ba. Maƙwabta duk sun watse. An ce inda kike sama ne."

"Sama ne."

Na bar ta ta faɗa da bakinta. Ina jin numfashinta, ina jin shorba na tafasa.

"Ko zan zo in fake, zuwa ruwan ya wuce?"

"Akwai kare, Gwaggo."

"Na ji."

"Na san kin ji. A cikin gida yake kwana."

"Sai ki kulle shi a wani wuri mana, ya binti. Ni da ke ai jini ɗaya ne."

Na ce ta jira in tambayi mai gidan. Na aika wa likita saƙo, ta amsa nan take, wai haba Inna, wannan har sai an tambaya? Na zauna na ƙara minti ashirin kafin in kira Gwaggo. Ba tausayi ne ya sa na ce ta zo ba, kada wani ya yaba mini. So nake in gan ta tsaye a bakin ƙofa, mabuɗi yana hannuna. Bayan wannan ban shirya komai ba, Allah shaida ne.

Haris ya riga ya kashe asansir, wato lif, don tsoron ruwa, dole ta hau da ƙafa. Na tsaya a sama ina jin sandarta tana buga matakala, tana hawa tana hutawa. Ban sauka ba. Da ta iso na ga ta ƙanƙance. Jaka ɗaya, ledar magani ɗaya. Wani abu ya motsa a ƙirjina. Na karɓi jakar, na ce sannu, na kulle kare a ɗakin baƙi.

Minti goma ta yi tana haki. Da numfashi ya dawo, Gwaggo ta dawo. Ta zagaya falo tana shafa labule, ta leƙa firij, ta tsaya a kicin.

"Ke, ba dai a kofunan baiwar Allahn nan kike shan ruwa ba?"

Na nuna mata kofina a gefen murhu. Jan farcen ya kusa gogewa, amma yana nan.

Ta ce, "Madalla. Ashe tarbiyyata ba ta tashi a banza ba."

Abin da ya motsa a ƙirjina ya koma ya kwanta.

Ta buɗe tukunya ta shaƙa. Tun safe ba ta ci komai ba. Na buɗe mata kabad, ga kwanuka a jere. Ta dube su ta taɓe baki. Sai idonta ya kai taga. A gidan Gwaggo, kwanon da aka keɓe, in mummuna ne nawa ne, in mai kyau ne na mai gida ne. Kuma a duk duniyar da ta sani, kare a ƙasa yake ci, in an mutunta shi a fasasshen kasko. Ta miƙa hannu ta ɗauko kwanon, ta juya shi a haske.

"Wannan ne na likitar ko? Dubi aiki. Har da fure a ciki."

Na ce, "Gwaggo, ga wasu nan a kabad."

"Waɗannan na kowa da kowa? Na san hannun da ya taɓa su?" Ta dubi yatsuna. "Matsa, ni zan zuba da kaina."

Na matsa.

Sau ɗaya na faɗa. Na san abin da ya kamata in ce ba shi na ce ba. Na jingina da firij na naɗe hannu. Ta zauna a kan kafet ta miƙe ƙafa, ta matse lemon tsami, ta gutsuri burodi. Ta sha. Ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ta tashi ta ƙara na biyu. Da ta kusa gamawa ta ajiye cokali, ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta kafa baki. Ta bi furen da yatsa ta siɗe.

Ni ma na zuba tawa na zauna nesa. Ban taɓa shan shorba mai daɗin wannan ba.

Ana kiran la'asar aka saki ruwa, kamar an kifar da tanki. Tsawa ta fashe a kan ginin, tagogi suka yi rawa. Kare ya fara kuka a ɗaki yana kartar ƙofa. Likita ta gaya mini tsawa na firgita shi har yakan ji wa kansa ciwo.

Gwaggo ta ce, "Kada ki buɗe."

Na ce, "Amana aka bar mini." Na buɗe.

Ya fito a guje ya shige tsakanin ƙafafuna, jikinsa na rawa. Na shafa shi har ya lafa. Sai ya ɗaga hanci. Ya tafi kai tsaye inda kwanon yake a kan kafet, gefen gwiwar Gwaggo, ya sa kai yana lasa, wutsiya na kaɗawa.

Ta yi ihu ta ja baya a zaune. "A'uzubillahi! Kore shi! Ya ɓata wa matar nan kwanonta! Yanzu me za ki ce mata?"

"Ba abin da zan ce mata. Nasa ne."

"Na wa?"

"Nasa. A ciki yake ci safe da yamma. Wancan ba fure ba ne, Gwaggo. Ƙafarsa ce."

Ta dubi kwano. Ta dubi ƙafar kare. Ta tashi da saurin da ban san tana da shi ba, ta yi banɗaki. Ina jin ta tana kakari, famfo na zuba. Ta fito ɗankwali a karkace.

"Kin wanke shi? Kafin in ci, kin wanke shi?"

Na sunkuya na shafa kan kare.

"Magana nake miki! An yi masa wankin da ake yi?"

Kwanon nan tsarkakakke ne. Da hannuna na wanke shi da safe, bakwai cif. Kalma ɗaya zan faɗa ta zauna ta huta. Na riƙe kalmar.

Na ce, "Ke kika ɗauko."

"Kina kallo! Kina tsaye kina kallona, muguwa!"

"Na ce miki ga wasu a kabad."

"Ƙasa. Yalla, maza ɗebo mini ƙasa."

"Titi ya zama kogi. Akwai tukunyar fulawa a baranda."

"To ɗebo mana!"

"Ga ƙofar nan."

Ta tsaya tana dubana, tana jiran in sunkuyar da kai yadda na saba. Ban sunkuyar ba. Ta ja ƙofar gilashi da kanta. Iska ta watso ruwa har tsakiyar falo. Ta durƙusa a baranda, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, ta cusa hannu cikin tukunya ta ɗebo taɓo. Ta goga a leɓe, ta goga a yatsu, ta tara hannu a ruwan sama tana kurkurewa. Ba wanda ya ce ana yi wa baki haka, ruɗewa ce. Na tsaya daga ciki, kare a bayan ƙafata.

Na ce, "Ɗaya."

Ta juyo.

"Ci gaba, Gwaggo, ina ƙirga miki. Saura shida."

Ban ɗaga murya ba, ƙarar ruwa ta kusa cinye maganar. Amma ta ji. Na ga lokacin da ta tuna, bakinta duk taɓo. Don kada ta ce ba ta gane ba, na ƙarasa mata.

"Shi dai ya san kwanonsa."

Na ƙirga har bakwai. Ta yi su duka, don tsoron najasa ya fi ƙarfin fushinta.

Ta shigo jagab, haƙoranta na haɗuwa. Ba na son gawa a gidan mutane. Na ba ta tawul, na ba ta rigata da safata, na lulluɓa mata bargon nan mai nauyi. Na dafa madara da citta, na buɗe kabad yadda za ta hango daga inda take.

"A wanne zan zuba?"

Ta bi kofunan da ido ɗaya bayan ɗaya. Yanzu komai na gidan bakin kare take gani a jikinsa.

"Wanne ne bai taɓa ba?"

"Ni kwanana tara a nan. Shi shekararsa biyu. Wanda zan iya rantsewa a kansa ɗaya ne."

Na ɗauko kofin silba na cika shi. Na ce bari in ji ko ya yi zafi da yawa. Na kurɓa, na juya kofin na sake kurɓa, har na zagaye bakinsa gaba ɗaya da leɓen nan nawa. Sannan na miƙa mata.

Ta riƙe shi tana juyawa, tana neman gefen da ban taɓa ba. Babu. Madara na zuba a yatsunta. Ta rufe ido ta sha. Ta shanye, ta miƙo a ƙara.

Washegari wani maƙwabcinta ya kira, ya ce ruwa ya kai taga a ɗakinta, katifa na yawo. Kwana uku ta yi a wurina. A kofin nan take shan ruwa, a cikinsa take shan magani, har shorba a cikinsa ta sha. Ba ta ce in yafe mata ba. Ban ce na yafe ba. Kare ya so ya kwanta kusa da ita, don shi ba ya riƙo. Ni ina yi.

Daga baya na ba wata malama labarin. Ta ce in je in gaya wa tsohuwa kwanon a wanke yake, in sauke mata nauyi, ni ma in sauke nawa. Na ce na ji. Ban je ba. Ranar da ta kira ni ta ambaci ranar sunan nan da bakinta, zan gaya mata. Lambata tana wurinta.

A rana ta uku ɗanta ya sa aka turo mota. Ni na haɗa mata jaka. Na ɗora kofin silba a sama, mariƙinsa mai jan farce yana leƙowa. Ta gani.

"Wannan fa?"

"Naki ne, Gwaggo."

Ba ta cire ba.

Da motar ta tafi na hau sama. Likita sai washegari. Gari ya wanku, iska na shigowa da sanyi da warin jiƙaƙƙen siminti. Na buɗe kabad na zaɓi kofin gilashi mafi girma, na zuba madara da citta, na ja kujera bakin taga. Gilashi yana da santsi a leɓe, ashe na manta. Kare ya zo ya ɗora kansa a kan safata. Na bar shi.